Injin da Kunnena Ya Zaɓa a Ikko

Tun da na dawo daga Ikko matan unguwarmu ba su bar ni na huta ba. Duk wadda ta kawo markaɗe sai ta ajiye roba ta ce, "Inna Rakiya, wai ya Ikkon take? Kin ga teku?" Ni kuwa in ce lafiya lau, in tada inji don ƙararsa ta raba mu. Malamar da ta koya mana karatu a ajin yaƙi da jahilci ita ta ce mini, tun da bakina ya ƙi faɗa, to hannuna ya faɗa. Shi ya sa na ɗauki biro. Wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba, a yi mini afuwa in na yi tsawo.

Sai na fara da Bashari, don ba domin shi ba da babu labarin. Shi ne ɗana na uku, mai walda ne, shagonsa na bakin hanyar Funtuwa in za ka fita daga Malumfashi. Yana yin ƙofofi da tagogi, amma abin da aka fi saninsa da shi amalanken shanu ne, irin wanda manoma ke kwaso masara da shi. Bara yana yankan ƙarfe faifan dutsen da ke jikin injin ya fashe, wani yanki ya same shi a idon hagu. An yi aiki a asibiti, idon bai dawo ba. Likita ya ce masa, "Ɗayan nan shi ya rage maka, ka riƙe shi da kyau."

Ya warke, ya koma shago. Walda ba ta dame shi ba, tun da akwai abin rufe fuska. Yanka ne ya gagara. Da zarar an tada injin, tartsatsi ya fara tashi, sai ya saki injin ya ja baya. Ya koma yanka da zarton hannu, aikin awa guda ya zama na yini. Ga kuma wani abokinsa Lawal da ke Abuja yana ta kiransa a waya, wai ya rufe shago ya je su riƙa tsaron kantin kayan masarufi.

Wata rana da la'asar ya zauna kusa da ni ya nuna mini wani inji a wayarsa. Ya ce wannan faifansa ba na dutse ba ne, na ƙarfe ne mai haƙora kamar zarto. Ba ya buƙatar ruwa ko mai, ba ya watsa wuta, kuma ba ya fashewa irin na wancan. Ya tambaya a Funtuwa bai samu ba. Ya ce, "Inna, in na samu wannan na zauna. In ban samu ba, ban ga amfanin zamana ba."

Ana haka sai ga waya daga Agege, 'yar farina ta sauka, haihuwarta ta huɗu, suna so in je in zauna da ita. Na sayar da masarar da na ajiye, na ce wa Bashari ya rubuta mini abin da yake so. Ya yago takarda ya rubuta da manyan baƙaƙe don in gane, layi uku:

Faifai mai haƙora, ba na dutse ba.
Inji mai juyawa a hankali, kamar dubu ɗaya da ɗari uku zuwa ɗari biyar a minti.
In lambar ta fi haka, a bar shi.

Na karanta a gabansa sau biyu, ya yi dariya ya ce, "Kai, Inna ta zama malama." Na ninke takardar na ƙulle a bakin zane.

A tashar Funtuwa muka shiga mota bayan sallar asuba. Ban taɓa wuce Kaduna ba a rayuwata. Allah ya haɗa ni kujera ɗaya da wata Hajiya Kulu, 'yar kasuwar goro, wadda hanyar nan ta zame mata kamar zuwa bayan gida. Ba mu kai Zariya ba wani mutum a bayanmu ya fara toshe hanci yana cewa, "Jama'a, wa ya ɗauko mushe?" Daddawata ce. Na ƙunshe ta cikin leda uku amma ta fi ƙarfinsu. Kunya ta rufe ni, na sunkuyar da kai. Hajiya Kulu ta waiwaya ta ce masa, "Malam, in an zuba maka ita a miya har da suɗe yatsa kake yi. Yi haƙuri ka shaƙa, kyauta ne." Mota ta ɗauki dariya, har shi.

Ƙasa ɗaya ce, ba a tambayi kowa takardar ƙetare iyaka ba, amma shingayen da ke hanya sun isa iyaka goma. A wani shinge bayan Abuja aka sa muka sauke kaya. Wani jami'i ya kwance ƙullina ya ga farin abu dunƙule-dunƙule, ya kira ɗan'uwansa suna ta jujjuyawa suna magana da Turanci. Kanwa ce ta kunun mai jego. Na rasa yadda zan yi bayani, sai na ɓalli kaɗan na lasa, na miƙa masa. Ya lasa, ya yamutsa fuska, ya tofar, ya yi mana hannu mu tafi.

Iyaka ta gaskiya a wurina ita ce gadar kogin Kwara kafin Lakwaja. Ban san Allah ya yi ruwa mai faɗin haka ba. Na runtse ido ina salati har sai da Hajiya Kulu ta taɓa ni ta ce, "Buɗe, mun haye. Yanzu kin bar gida." A Lakwaja muka kwana, a wani ɗakin mata da ke tasha, ana ba da hayar tabarma. Sauron garin ba ya jin kunyar baƙo. Da safe na sayi soyayyen kifi da gurasar da na zo da ita, man shanun da na ɗauko wa mai jego kuwa na tarar ya narke ya bi rabin zannuwana. Har na dawo gida ina ƙanshinsa.

Yini na biyu daji ne kore shar, itatuwa dogaye, ba ka hango nesa kamar a wurinmu. Da yamma muka shiga Ikko. Surukina Malam Isuhu ya tarbe ni a tasha. Mutumin kirki ne, yana sayar da hatsi, kuma yana da kunya irin ta mutanen da. Duk zaman da na yi bai taɓa cin abinci a gabana ba, bai taɓa kallon tsakiyar idona ba. Ku riƙe wannan, zai dawo.

Gidansu dogon gida ne, ɗakuna na kallon juna, kowane ɗaki da iyalinsa da yarensa. Ruwa saye ake yi. Gaisuwa kuwa a tsaye, kalma biyu an wuce, ba mai tambayar ka gida da gajiya da shanu. Amma yaran Yarbawa sun burge ni: yarinya ta gan ni sai ta kai gwiwa ƙasa, namiji kuwa har kwanciya yake yi. Matansu in suna hira sai ka ɗauka faɗa ne, ka fito rabo ka tarar dariya suke. Wata maƙwabciya ta aiko mini da amala, baƙi wuluk, da wata koriyar miya mai yauƙi. Na daɗe ina kallonta kafin in sa hannu. Da na ɗanɗana sai na ce, ashe lalo ne! Lalon da ke fitowa a bayan dangarmu shi ne suka yi wa sabon suna. Barkonon dai sai da ya sa ni hawaye.

Bayan suna da kwana uku Malam Isuhu ya kai ni kasuwar injina. Mota biyu muka hau, irin masu ruwan ɗorawa da yaron mota ke lilo a ƙofa. Ya nuna takardar Bashari a shago biyu, aka tura mu wani shago a ciki. Ga mamakina mai shagon mace ce, ƙaƙƙarfa, ta kai shekaruna, ana ce mata Iya Bose. Ta ji muna Hausa sai ta ɗago.

"Daga ina, Mama?"

Na ce Malumfashi.

Ta tafa hannu ta ce, "Malumfashi! Ni a Funtuwa aka haife ni, bayan tashar jirgi. Har yanzu ana yin fura mai kyau a can, ko sun lalata ta?"

Hausarta tsaf, har da karin harshen mutanenmu. Ta ba ni kujera, ta sayo mini ruwan sanyi, ta karanta takardar. Ta ce, "Wanda ya rubuta wannan ya san abin da yake so. Me ya same shi?" Na gaya mata zancen idon. Ta girgiza kai.

Ta sa aka fito da inji biyu aka ajiye a kan teburin ƙarfe. Wallahi in ka gan su kamar uwa ɗaya uba ɗaya: ga gindi, ga maƙalin da ke riƙe ƙarfe, ga hannu da ake dannawa ƙasa. Ta ɗaura gilashi a ido, ta tada janareto, ta ɗauko bututun ƙarfe da kanta. Ban taɓa ganin mace na wannan aiki ba.

Ta fara da mai faifan dutse. Ya yi wata irin ƙara mai kaifi, tartsatsi ya tashi har rufi, na ja baya. Ƙarfen ya faɗi bakinsa ja, yana hayaƙi. Sai ta koma kan mai haƙora. Shi wannan gurnani kawai yake yi ƙasa-ƙasa. Ya shiga ƙarfen, ɓarɓashi na zuba kamar tsakin masara, tartsatsi ɗaya biyu, ya fita. Ta ɗauki yankin ta ɗora mini a tafin hannu.

"Taɓa bakin, Mama."

Na taɓa. Babu zafi, kuma sumul kamar an goge.

Ta ce, "Wannan ne na ɗanki. In za ki zaɓi irinsa, abu uku za ki duba. Lambar juyin da ke jikin farantin nan ta zama ƙarama. Maƙalin ya riƙe ƙarfe gam, kada ya yi motsi, don motsi ke karya haƙori. Sannan gindin ya zama mai nauyi. Wannan ya cika duka."

To a nan ne na yi abin da na yi, kuma ina so in faɗe shi yadda yake, ba tare da na yi wa kaina ado ba.

Shekara ashirin da biyu ina da injin markaɗe. Da kunne nake sanin lafiyarsa. In ya yi ƙara mai kaifi, lafiya lau yake. In ya koma gurnani ƙasa-ƙasa, to bel ya saki ko kuwa yana shirin mutuwa. Duk unguwarmu in inji ya canja murya ni ake kira in saurara. Sai kunnena ya ce mini wannan mai haƙoran rago ne, ba zai kai kaka biyu ba. Na sa tabarau na karanta farantin jikinsu da kaina. Na farko kusan dubu huɗu, na biyu dubu ɗaya da 'yan kai. Na ce a raina, Bashari yaro ne mai tausayi, ya san da masarata zan saya, shi ya sa ya rubuta ƙaramin don kada ya ɗora mini nauyi. Ban ma tsaya na lura cewa ƙaramar lambar ita ta fi tsada ba, ko kuwa na lura na ce wayon 'yan kasuwa ne. Don mahaifina dillalin hatsi ne, kuma tun ina yarinya ya koya mini cewa buhun da mai shi ya cika yabo, a soka masa ƙarfe har ƙasa a duba, galibi akwai ƙwari.

Sai dabara ta zo mini, har ina jin daɗin kaina. Na ce, "Iya, ki ba ni mai ƙarfin nan, ki cire masa faifan dutse, ki sa masa mai haƙora. Ga ƙarfi, ga rashin tartsatsi."

Ta cire gilashinta ta dube ni. "Mama, ba a yin haka."

"Ba zai shiga ba ne?"

"Ana iya sa shi ya shiga. Shigarsa ce matsalar. Haƙoran nan liƙa su aka yi, ba a yi su don wannan gudun ba. Za su ɓalle su tashi."

Na ce, "Ai ƙarfe ne, ya fi dutse ƙwari."

Ta ce, "Ki ji ni, 'yar garinmu. Ko kin ninka mini kuɗin ba zan haɗa miki su ba. Yaro mai ido ɗaya!"

Muryarta ta tashi, irin tasu, mutane suka fara waiwaye. Ni kuwa ba a saba ɗaga mini murya ba. Na miƙe a hankali, na yi mata godiyar ruwa.

Da muka fito Malam Isuhu yana biye da ni, kansa a ƙasa. Ya ce, "Inna, ko a kira Bashari a ji?"

Na ce, "A'a. So nake ya buɗe kwali ya ga abin da ya fi wanda ya roƙa."

Ya ce, "To, Inna. Yadda kika gani." Daga baya ya gaya wa matarsa cewa shi ya yarda da maganar Iya Bose tun a take, amma ina shi ina musu da surukarsa a tsakiyar kasuwa? Ban ga laifinsa ba. Mu muka koya musu wannan kunyar, muka kuma yaba musu a kanta.

Layi biyu gaba muka samu wani mutum mai irin injin. Bai tambaye ni komai ba. Na nuna mai gudun, na nuna faifai mai haƙora, ya ce babu damuwa, ya ɗaure su a kwali ɗaya. Hanyar fita ta bi ta gaban shagon Iya Bose. Ta ga kwalin a kan Malam Isuhu. Ta bi mu da ido. Na ɗauke kai.

Teku da kuke ta tambaya, na gan shi ta tagar mota a kan wata doguwar gada, ruwa ne toka-toka har inda ido ya ƙare. Ban sauka ba.

Dawowa ta fi zuwa sauƙi. Kwalin na ƙarƙashin ƙafata kwana biyu, ban yarda an ɗora shi a sama ba. A wani shinge aka nemi rasit, na zaro na karanta musu da bakina, wata mata a gefena ta ce, "Ikon Allah, tsohuwa da boko!" Na ji kaina ya yi girma. Duk wanda ya tambaya sai in ce injin ɗana ne, mai ƙarfin na zaɓo masa.

Ranar Talata da hantsi na isa. Ban ko shiga gida ba na sa mai keke ya kai ni shagon. Bashari na nan da Malam Garba, tsohon ogansa da ya koya masa walda. Bashari ya taso da gudu ya karɓi kwalin, yana ta "Sannu da hanya, Inna, sannu." Ya yanke igiyar. Ya fara ciro faifan, ya shafa haƙoran da yatsa, fuskarsa ta washe. Rabon da in ga wannan fuskar tun kafin asibiti. Sannan ya ciro injin, ya karkata kai yadda yake yi yanzu don ya kawo idon dama kusa, ya karanta farantin.

Ya daɗe a durƙushe.

Ya ce, "Allah ya saka da alheri, Inna. Kin sha hanya."

Malam Garba ne ya karɓi faifan, ya nuna mini wata lamba da aka buga a jikinsa, wadda ban duba ba. Ya ce, "Rakiya, wannan ita ce iyakar gudun da zai iya ɗauka. Injin nan ya ninka ta fiye da biyu. Da wanda bai sani ba ne ya haɗa su ya tada, haƙoran nan fita za su yi kamar harsashi. Kuma a daidai nan fuskar mai yanka take." Ya nuna da hannu.

Na zauna a kan wani guntun ƙarfe. Kwana biyu ina riƙe da abin nan tsakanin ƙafafuna kamar jariri, na ƙetare kogi da shi, ashe abin da zai ƙarasa wa ɗana ɗayan idon na ɗauko masa.

Na ce, "Bashari, na karanta takardar."

Ya ce, "Na sani, Inna."

"Na zaci tausayina ka ji."

Ya ce, "Ba komai. Ki je ki huta."

Da ya yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi.

Malam Isuhu ya koma wurin mutumin da ya sayar mana, mutumin ya ce shi kayan da ya fita ba ya dawowa. Wani mai walda daga Dandume ya sayi injin, abin da ya bayar bai kai a sayi mai juyawa a hankalin ba, kuma masarata ta ƙare. Kaka ta matso, manoman da suka ba da aikin amalanke suka gaji da jiran zarton hannu suka kai wani wuri. Bashari ya daure wata biyu. Ran nan ya zo ya durƙusa a ƙofar ɗakina ya ce ya bar wa Malam Garba makullin shago. Na sa masa albarka, don ba ni da bakin hana shi. Yanzu yana Abuja yana miƙa wa mutane sabulu da taliya, da hannun da ke lanƙwasa ƙarfe. Duk Juma'a yana kira, ya tambayi lafiyata da lafiyar injin markaɗe. Bai taɓa tayar da zancen ba.

Faifan yana nan a ɗakina, a bayan kwanuka, don ba wanda ke da injin da zai ɗauke shi a nan kusa. Takardar ma tana nan. Nakan buɗe ta wani lokaci. Babu kalma ɗaya a cikinta da ta fi ƙarfin karatuna.

Watan jiya na roƙi Malam Isuhu ya je wurin Iya Bose, ya gaishe ta, ya ce mata matar Malumfashi ta ce ta yafe mata, ita ce da gaskiya. Ya je. Ya ce tana cikin ciniki, amma da ta gane shi sai ta bar mai sayen a tsaye ta taho. Ba ta bari ya gama saƙon ba. Ta kama hannun rigarsa ta ce, "Bar wannan. Idon yaron fa?"

Ya ce mata idon na nan lafiya, ba a haɗa su ba. Ta ɗaga hannu sama ta yi godiya ga Allah da yarensu, ta koma kan cinikinta.

Matar da ba ta taɓa ganin Bashari ba, abin da ta riƙe ke nan duk watannin nan. Ni da na haife shi, ranar da nake tsaye a gaban injinan nan biyu, ƙararsu nake saurare.